Yadda Ake Sauraron Simfoni ta Tara ta Mahler a Faifan Biyenna na 1938

Ranar Lahadi 16 ga Janairu 1938, ƙungiyar makaɗa ta Filharmonik ta Biyenna, babban birnin Ostiriya, ta kaɗa simfoni ta tara ta Gustav Mahler a gaban jama'a, Bruno Walter yana jagoranta. Ma'aikatan kamfanin faifai na HMV sun zo daga Landan da na'urorinsu, suka naɗi kiɗan tun daga farko har ƙarshe yayin da ake yinsa. Wannan ne karo na farko da aka ɗauki wannan simfoni a faifai, kuma har gobe ana sauraronsa. Tsawonsa kusan minti 70 ne, babu waƙar baki ko ɗaya a ciki, sautin kuma na zamanin garmaho ne, ga shuu ɗin allura, ga tarin 'yan kallo. Wanda ya kunna shi haka kawai yana latsa waya, da wuya ya kai minti biyar bai kashe ba. Wanda ya yi masa shiri kuwa zai ji mutum kusan ɗari suna aiki ɗaya a lokaci ɗaya, babu damar a tsaya a gyara, a ranar da ba ta sake maimaituwa ba. Ga yadda ake shirin, da yadda ake bin kiɗan.

Mataki na farko: san irin kiɗan

Simfoni dogon kiɗa ne da mutum ɗaya ke tsarawa ya rubuta a takarda, ya ƙayyade wa kowane makaɗi abin da zai busa ko ya goga ko ya buga, da lokacin shigowarsa, da ƙarfin da zai sa. Yawanci ana raba ta kashi huɗu, a ɗan numfasa tsakanin kowane kashi da na gaba. A zamanin mai tsara kiɗa Haydn, ƙarshen ƙarni na 18, makaɗa 30 zuwa 40 sun wadatar, kuma kafin rabin awa an gama. Zuwa ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, lokacin da masana kiɗan Turai ke kira ƙarshen zamanin Romantik, abin ya bunƙasa: makaɗa sun kai 90 ko 100, simfoni ɗaya tana cin awa guda ko fiye, masu tsarawa irin su Bruckner da Tchaikovsky da Mahler kuma suna zuba abin da ke cin ransu a ciki ba ɓoye-ɓoye.

Riƙe abu biyu. Na ɗaya, babu ganga mai riƙe bugu daga farko zuwa ƙarshe. Sauri yana ƙaruwa yana raguwa bisa hannun madugu, wato mutumin da ke tsaye gaban makaɗa da siririn sanda. Na biyu, an gina kiɗan ne da 'yan gajerun kari, wani bai wuce sauti biyu ko huɗu ba, waɗanda ke ɓacewa su dawo da wata kama: wanda goge ya rera da taushi ɗazu, an jima ƙaho zai buso shi da fushi. Aikinka shi ne ka gane su in sun dawo. Wannan aikin kunne ne, ba sai ka iya karanta rubutun kiɗa ba.

Mataki na biyu: san mutanen da ke cikin zauren

An haifi Mahler a 1860 a ƙauyen Kaliště, cikin ƙasar Cek ta yau, a gidan Yahudawa. Ya shugabanci gidan opera na fadar Biyenna daga 1897 zuwa 1907. A wannan shekara ta 1907 abu uku suka auka masa a jere: 'yarsa Maria ta rasu tana shekara 4, likita ya gano yana da ciwon zuciya, sannan ya bar aikinsa na Biyenna ya nufi New York. Ya rubuta simfoni ta tara a lokacin zafi na 1909, a wata 'yar bukkar katako kusa da Toblach, cikin duwatsun da yanzu suke arewacin Italiya, ya kammala ta a 1910. Ya rasu ranar 18 ga Mayu 1911 bai taɓa jin an kaɗa ta ba.

Saboda haka mutane da yawa suna kiranta kiɗan bankwana. Akwai gaskiya a ciki, amma kada ka shiga da wannan kaɗai a ranka. Mutumin da ya rubuta ta yana cikin aiki tuƙuru a lokacin, yana jagorantar ƙungiyar Filharmonik ta New York, kuma a 1910 har ya soma simfoni ta goma. Akwai son rayuwa a cikinta daidai da yadda akwai tsoron mutuwa, kuma wanda ya zo neman makoki kawai rabin kiɗan zai ji.

Bruno Walter ya haɗu da Mahler a Hamburg a 1894 yana ɗan shekara 18, ya zama mataimakinsa, daga baya ya bi shi Biyenna. Shi ne ya fara kaɗa wannan simfoni a duniya, ranar 26 ga Yuni 1912, da wannan ƙungiya ta Biyenna. A kujerar shugaban masu goge kuwa, a 1938, akwai Arnold Rosé, surukin Mahler, mijin ƙanwarsa Justine, wanda ke riƙe da wannan kujera tun 1881. Ke nan madugun da shugaban goge duk sun yi shekaru suna aiki ƙarƙashin hannun mai kiɗan, sun san yadda yake son a ja sauti da yadda yake son a sake shi. Kunne ya girmi kaka. Ta wannan faifan kana jin salon mutanen da suka ji umarnin Mahler daga bakinsa.

Mako takwas bayan wannan rana, 12 da 13 ga Maris 1938, sojojin Hitler suka shiga Ostiriya aka haɗe ta da Jamus. Aka haramta kiɗan Mahler. Aka kori makaɗa 13 daga ƙungiyar saboda su Yahudawa ne ko suna auren Yahudawa, wasu 'yan ƙungiyar kuma suka mutu a sansanonin Nazi. Walter ya yi gudun hijira zuwa Faransa, daga nan Amurka a 1939. Rosé ya tsere Landan, 'yarsa Alma, ita ma gwanar goge, ta mutu a sansanin Auschwitz a 1944. Makaɗan da ke zaune a ranar ba su san ranar da abin zai faɗo ba, amma Jamus tana hannun Nazi tun 1933, kuma Walter kansa daga can aka koro shi.

Mataki na uku: nemo faifan na ainihi

Rubuta "Mahler 9 Walter 1938" a YouTube ko Spotify ko duk manhajar kiɗan da kake amfani da ita. Ka tabbata shekarar ta fito, domin Walter ya sake ɗaukar simfonin a 1961 a Amurka, cikin situdiyo, da wata ƙungiya mai suna Columbia Symphony. Duba tsawon lokaci: na 1938 yana tsakanin minti 69 da 71, na 1961 ya kai kusan 80.

Za ka ga kamfanoni da dama sun sake fitar da shi, kamar EMI da Dutton da Naxos, kuma sautinsu ya ɗan bambanta. Dalilin yana cikin yadda aka ɗauke shi. A 1938 kamfanonin faifai ba su fara aiki da tef ba. Allura ce ke sassaƙa sautin kai tsaye a kan faifan kaki, kuma fuska ɗaya ta faifai mai juyi 78 a minti ba ta ɗaukar abin da ya wuce minti huɗu da 'yan kai. A situdiyo sai a tsayar da makaɗa a canza kaki. A gaban 'yan kallo ba dama. Don haka Fred Gaisberg, wanda ya jagoranci aikin, ya sa aka girka na'urar sassaƙa guda biyu suna karɓa-karɓa: kafin kakin wannan ya cika, an tayar da waccan. Abin da ya fito kasuwa faya-fayai 10 ne, fuska 20. Duk wanda ya sake fitar da shi a yau sai ya ɗauko tsofaffin faya-fayan ya haɗa fuskokin, ya rage ƙarar allura.

A nan ake samun matsala. Wasu suna tace shuu ɗin har su kwashe hasken goge tare da shi, sautin ya koma kamar daga bayan bango. Kunna minti ɗaya daga kowanne ka gwada. Zaɓi wanda ka ji ɗan shuu a bayansa amma gogen yana da kaifi. Kunne yakan manta da shuu bayan 'yan mintoci, amma ba ya iya dawo da sautin da aka goge. Ka guji kuma waɗanda aka yi wa dabarar raba sauti dama da hagu na ƙarya. Asalin faifan sauti ɗaya ne a dunƙule.

Sauke shi a waya tukuna, kada ka dogara da netwok. Talla ko tsayawar data a tsakiyar kashi na huɗu ɓarna ce babba. Minti 70 a matsakaicin inganci na kilobit 128 zai ci kusan megabait 67, a kilobit 320 kuma kusan 168. Ga faifai mai wannan shekaru, na tsakiya ya isa.

Mataki na huɗu: shirya wuri da lokaci

Ware awa ɗaya da kwata da ba za a neme ka ba. Bayan isha ko da hantsin ranar hutu sun fi dacewa. Abin dai kada lokacin salla ko aike ya faɗo a tsakiya. Caja waya, ka sa ta a yanayin jirgi. Nisanci janareta, in da hali ka rage fanka, domin akwai wuraren da kiɗan ke yin ƙasa har ƙarar fanka ta danne shi.

Sifikar waya ba za ta yi ba, ba ta fitar da sautin manyan goge da tambura. Sa iyafis mai kyau, ko hedifon mai rufe kunne. A cikin manhajar, kashe abin da ke cakuɗa jerin waƙoƙi, kada kashi na uku ya riga na biyu. Kashe mai daidaita ƙarfin sauti da mai ƙara bas.

Ga yadda ake saita ƙara: je minti na ƙarshe na kashi na uku, inda kowa ke bugawa da iyakar ƙarfinsa, ka ɗaga har inda ya cika kunne bai yi zafi ba. Bar shi a nan, ka koma farko, kada ka sake taɓawa. Mahler da gangan ya tsara tazarar da ke tsakanin raɗa da tsawa, kuma mai yawan murɗa ƙara yana rushe ta.

Mataki na biyar: gane muryoyin kayan kiɗa

Fiye da rabin makaɗan masu goge ne, iri huɗu: bayolin mai siririyar murya, wanda aka raba 'yan wasansa rukuni biyu, na ɗaya da na biyu, biyola mai ɗan kauri, celo da ake jinginawa tsakanin gwiwoyi, da babban bas da ya kai tsayin mutum. Bayansu masu busa na itace: sarewa da ƙaramarta mai tsini, fikolo, obo, wanda dangin algaita ne amma muryarsa ta fi laushi, kilarinet, da basun mai murya ƙasa-ƙasa. Sai na tagulla: ƙaho huɗu masu naɗaɗɗen jiki, tirampet uku, tirambon uku, da tuba guda. Can baya akwai tambura na tagulla da ake iya ɗaure fatarsu a kan sauti, da kuge, da ƙararrawa uku masu zurfin amo. A gefe ga haf, mai tsirkiyoyi da yawa da ake tsinka da yatsu.

Tun da faifan 1938 ba ya nuna maka wa ke dama wa ke hagu, da murya za ka gane kowa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka fara kallon minti goma na farko na bidiyon wannan simfoni, misali wanda Claudio Abbado ya jagoranta a Lucerne ta ƙasar Siwizalan a 2010. Kyamara tana bin duk wanda ya shigo, sai ido ya koya wa kunne. Minti goma kawai, ka rufe. Ƙahon Biyenna ƙirarsa daban ce da ta sauran ƙasashe, muryarsa ta fi zagaye da duhu, kuma a wannan simfoni yana da aiki sosai, don haka shi za ka fara kamawa.

Mataki na shida: bi kashi huɗun a zama ɗaya

Kashi na farko, kusan minti 25, shi ne mafi girma, kuma sakan 30 na farkonsa sun ƙunshi kusan duk abin da zai biyo baya. Kasa kunne: celo da ƙaho suna ba da wani bugu mai ɗingishi, wanda madugu ɗan Amurka Leonard Bernstein ya ce bugun zuciyar Mahler ne mai ciwo. Haf ta tsinka sauti huɗu kamar ƙararrawa. Ƙaho da aka toshe wa baki ya amsa. Biyola suka yi rawar ɗari. Sannan rukuni na biyu na bayolin suka shigo da sauti biyu, na biyun ya sauko taki ɗaya ƙasa da na farko, kamar ajiyar zuciya. Waɗannan sauti biyu su ne zuciyar kashin. Lura cewa ba sa ƙarasa saukowa inda kunne ke jiran su sauka. Suna tsayawa a rataye, kuma wannan ratayar ce ke jan ka tsawon minti 25.

Daga nan kiɗan yana kai-komo tsakanin wannan kari mai daɗi da wani mai duhu da tashin hankali. Sau da dama yana hawa, yana hawa, ya rushe, sai ka ji tarkace: tambura a hankali, tagulla masu toshi, goge suna lallaɓowa har karin farko ya sake tsayuwa da ƙafarsa. Wajen kashi biyu cikin uku na tafiyar, hawan mafi girma zai zo, kuma a ƙololuwarsa tirambon da tuba za su buso bugun nan mai ɗingishi na farko. Mahler ya rubuta a yi shi da iyakar ƙarfi. Abin da ya fara kamar raɗa ya zama hukunci. Bayansa tafiya ce mai nauyi irin ta rakiyar gawa, da ƙararrawa. Kusa da ƙarshe, sarewa da ƙaho za su yi wata doguwar hira su biyu kamar sun ɓace hanya, sannan goge ɗaya tilo ya fito. Bisa al'ada shugaban masu goge ne ke yin irin wannan wuri, don haka ka saurari wannan muryar da kyau.

Kashi na biyu, minti 15 da ɗoriya, rawa ce. Basun da biyola suka buɗe da ɗan gudu, kilarinet suka amsa, goge suka faɗo da nauyi. Wannan lendila ce, rawar ƙauyen Ostiriya mai bugu uku-uku, kuma Mahler ya ce a yi ta da nauyin ƙafa da kaushi sosai. Raye-raye uku ne ke karɓar fili: wannan ta ƙauye, da wals ta birni mai sauri wadda ke ƙara haukacewa duk dawowarta, da wata lendilar mai sanyi inda za ka sake jin sauti biyun nan masu saukowa. Makaɗan Biyenna da wannan rawa suka tashi, kuma za ka ji yadda suke ɗan jinkirta bugu ko su gaggauta shi ba tare da an rubuta musu ba. Kashin yana ƙarewa da fikolo can sama da babban basun can ƙasa, tsakaninsu wayam.

Kashi na uku, kusan minti 11, shi ne mai wuyar shiga a karon farko. Tirampet ya jefo sauti uku, sai kowa ya rufa a guje, kari uku ko huɗu suna tafiya lokaci ɗaya suna gogayya. Umarnin Mahler shi ne a yi shi da taurin kai. Kada ka ce sai ka bi kowane zare; kama ɗaya, in ya kuɓuce ka kama wani. Bayan tsakiya, kuge zai buga, hayaniyar ta yanke, tirampet ya rera wani kari mai haske wanda ke zagaye sauti ɗaya: sama da shi, kansa, ƙasa da shi, kansa. Riƙe wannan zagayen a ka, da shi za a gina kashi na ƙarshe. Ba a barin sa ya daɗe. Ƙaramin kilarinet mai tsiwa zai kwaikwaye shi da ba'a, guguwar ta dawo, ta ƙare da gudu mai firgitarwa.

Kada ka tashi a nan. Kashi na huɗu, minti 18 a hannun Walter, yana buɗewa da bayolin duka a murya ɗaya, suna ja da ƙarfi, ga zagayen nan a ciki. Sai dukkan goge suka haɗu a wani kari mai faɗi, mai kaurin murya, irin na waƙar ibada. Zai yanke, basun ɗaya ya yi magana can ƙasa shi kaɗai, goge su dawo. Haka ake ta yi: cika, sannan fili mai 'yan muryoyi biyu ko uku nesa da juna. Bayan babban hawa na ƙarshe, inda tagulla suka shigo da ƙarfi suka bar bayolin riƙe da dogon sauti ɗaya, kayan busa za su janye ɗaya bayan ɗaya. Shafin ƙarshe goge ne zalla, a hankali ƙwarai, da shiru tsakanin jimloli. A nan bayolin ke ɗauko wani layi daga waƙoƙin da Mahler ya tsara tun kafin rasuwar 'yarsa, a kan mutuwar yara. Biyola ne ke yin motsi na ƙarshe, zagayen nan dai, kuma kalmar da ya rubuta a kan sautin ƙarshe tana nufin yana mutuwa. Idan ya ƙare, bar iyafis a kunne minti ɗaya kafin ka kunna wani abu.

Mataki na bakwai: koma ka saurari zauren

Bari kwana ɗaya ko biyu su wuce, ka sake zama, wannan karon kunnenka a kan abin da ya sa faifan ya zama na kai tsaye. Duk wanda ya taɓa jin tsohon kaset ɗin makaɗi da aka ɗauka a filin biki, da guɗa da muryar jama'a, ya san yadda ya bambanta da na situdiyo.

Fara da ɗakin. Babban zauren Musikverein na Biyenna, inda aka yi wasan, wanda aka buɗe a 1870, dogo ne mai kusurwa huɗu, da kujeru sama da 1,700, kuma sauti yakan yi kusan sakan biyu yana yawo a cikinsa kafin ya mutu. Saurari abin da ke biyo bayan kowace tsawa idan makaɗa sun yanke. Sai mutane: watan Janairu ne, tsakiyar hunturu, za ka ji tari da motsin kujeru. Sai makaɗan kansu. A kashi na uku akwai wuraren da ba su faɗo tare daidai ba, saboda gudun da Walter ya ɗauka ya kai su bakin iyawarsu. A situdiyo da an tsaya an sake. Ni a wurina wannan yana cikin darajar faifan, domin kashin da aka ce a yi da taurin kai ya fi gaskiya idan ana jin mutane suna fama da shi. Lura kuma da yadda masu goge ke zamewa da yatsa daga sauti zuwa sauti maimakon su yi tsalle. Salon zamanin ne, makaɗan yau sun rage shi ƙwarai.

Wannan zai koya maka karanta sauran faya-fayai. Yawancin abin da ake rubuta wa "live", wato kai tsaye, a yau an haɗa shi ne daga wasanni biyu ko uku, wani lokaci har da ɗan zaman gyara bayan 'yan kallo sun watse, a cire tari, a maye gurbin inda ƙaho ya goce. Ana rataya manyan makirfo a saman madugu, a sa ƙanana kusa da kowane rukuni, a daidaita su daga baya. Ba aibu ba ne, sana'a ce mai kyau. Amma duba bayanin faifai: in ka ga kwanan wata ɗaya, wasa ɗaya ne; in ka ga kwanaki a jere ko sunan wata kawai, haɗi ne.

Mataki na takwas: kwatanta da wani madugu

Ɗauki kashi na huɗu kaɗai ka ji shi a wani hannun. Biyu sun fi dacewa, duka na kai tsaye, duka da ƙungiyar Filharmonik ta Berlin. Na farko na Bernstein ne, Oktoba 1979, karo ɗaya tilo da ya jagoranci wannan ƙungiya. Gidan rediyo ne ya naɗa, kamfanin Deutsche Grammophon ya fitar a 1992. A babban hawan kashi na huɗu masu tirambon ba su shigo ba sam, kuma an bar shi haka a faifan. In ka riga ka san wurin daga na Walter, za ka ji giɓin. Na biyu na Herbert von Karajan ne, Satumba 1982, wanda sautinsa ya fi tsabta, gogen kuma kamar ba sa numfashi.

Dukansu biyu sun haura minti 25 a kashin da Walter ya gama a 18, rubutu ɗaya, bambancin minti takwas ko ɗan fiye. Ga abin da za ka auna: a hannun Walter karin yana tafiya kamar waƙar da mutum zai iya rerawa da numfashinsa, yana da zafi, yana gaba, a hannun na baya lokaci yana kusan tsayawa, shirun da ke tsakanin sautuka ya zama rabin kiɗan. Walter kansa da ya tsufa ya sassauta, na 1961 ya kai kusan minti 21. Na fi komawa ga na 1938, saboda shafin ƙarshe ya fi taɓa ni idan abin da ya gabace shi yana da jini a jika, amma wanda ya fara da Karajan ya ce Walter yana gaggawa yana da hujjarsa. Ji su a ranaku daban-daban, da iyafis ɗaya, ka sake saita ƙara ga kowanne, domin sababbin faya-fayan tazararsu tsakanin raɗa da tsawa ta fi faɗi nesa.

In kunnenka ya saba, na gaba shi ne Das Lied von der Erde, wanda Mahler ya rubuta a 1908, gab da simfoni ta tara. Walter da makaɗan Biyenna sun ɗauke shi kai tsaye a wannan zaure ranar 24 ga Mayu 1936, da mawaƙa biyu, Kerstin Thorborg da Charles Kullman. Shi akwai waƙar baki cikin Jamusanci, kashi shida ne, na ƙarshen kaɗai ya kusa rabin awa, don haka nemi fassarar baitocin ka karanta kafin ka kunna.